Kuɓewar Auta

Kwanan baya na bi ta gangaren Malali, inda lambun mahaifinmu yake a da, na tsayar da mota na fito ina ta dube-dube kamar baƙo. Babu lambu babu alamarsa. Gidaje ne reras har bakin ruwa, sai wani wajen buga bulo da injinsa ke ta ruri daidai inda muke shanya kuɓewa. Wani mutum da ya gan ni tsaye ya matso ya ce, "Alhaji, fili ake nema?" Na ce masa a'a, wanda nake nema an daɗe da sayar da shi. Na koma mota na zauna, kuma abin da ya fara zo mini a rai ba mahaifina ba ne, Allah ya jiƙansa, ba kuma mahaifiyata ba. Ƙanena ne ya zo mini, tare da wani ɗaci da na sani tun ina saurayi. Mai furfura irina ya kamata ya ji kunyar faɗin wannan, amma zan faɗa: ina kishin ƙanena, kuma a kan kuɓewa ne.

A zamaninmu kafin ka hango lambu za ka ji shi. Jigo ne ke fara yi maka sallama, wato dogon itacen nan da ake ɗaura wa guga a baki ɗaya, curin laka a ɗaya bakin, ana janyo ruwa da shi daga kogi. Kowane lambu da jigonsa, kowane jigo da irin kukansa, har Inna takan ce daga tsakar gida, "Yau Malam ya manta bai shafa wa nasa mai ba." Bayan kukan jigo sai na ruwa yana gangarawa, sai ƙarar fartanya tana buɗe bakin fangali, a bar shi ya sha ya ƙoshi, a toshe, a buɗe na gaba. Da hantsi mata masu wanki suna buga kaya a kan duwatsu, 'yan lambu suna ɗaga murya suna yi wa juna tsiya a kan wanda albasarsa ta ƙi yin kai. Aikinmu kuwa ba ya ƙarewa: jan jigo har kafaɗa ta mutu, cire ciyawa, korar awakin unguwa, da tsinkar kuɓewa duk bayan kwana biyu, a loda kwanduna a keke a nufi Babbar Kasuwa. Wanda bai taɓa shiga cikin kuɓewa da zafin rana ba bai san ƙaiƙayi ba. Muna fitowa sai mu tuɓe mu faɗa kogi, muna susa muna ihu. Yanzu mutum ɗaya zai ja igiyar inji, ya koma inuwa yana danna waya, kafin ya gama gaisawa da abokinsa ruwa ya game gona. Ban ce ba a ci gaba ba. Kafaɗata ta dama dai har yau tana tuna mini da jigo duk lokacin sanyi.

Mu biyu kaɗai Allah ya raya wa iyayenmu, ni ne ɗan fari, shi ne na ƙarshe, shekara biyu tsakaninmu. Auta kowa ke ce masa, kuma har yau da gemunsa fari fat Auta ake ce masa. 'Ya'yan yanzu ba za su gane kunyar ɗan fari ba. Yau za ka ga uba ya ɗora ɗansa na fari a wuya ana ɗaukar su hoto, yana kiran sunansa har da ƙari. Ni kuwa na girma ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Kai" ne, ko "wancan", in kuma zai sa ni aiki sai ya ce wa Auta, "Gaya wa yayanka ya kawo fartanya," alhali ina tsaye a gefensa, in na miƙa hannu zan taɓa rigarsa. Al'ada ce, na sani, babu ƙiyayya a cikinta, duk 'ya'yan fari na unguwarmu haka aka yi musu. Amma saninta bai hana ta ci mini rai ba. Da mai unguwa ya zo neman ɗa ɗaya daga kowane gida don makarantar boko, ni Baba ya nuna da haɓa. Mutane suka ce an yi mini gata, ni kuwa a raina cewa na yi ya ba da wanda ba ya bukata a lambu. Daga nan na zama ɗan lambun yamma, sai an tashi makaranta nake gangarowa, in tarar da su biyu sun riga sun gama hirarsu.

Kuɓewar Baba ta yi suna a kasuwa tun kafin mu yi wayo. Gajera ce, ba ta wuce ƙugun mutum, gaɓoɓinta da jijiyoyin ganyenta ja-ja, tana fara fure tun na maƙwabta suna ta miƙa wuya, kuma kusan kowace gaɓa sai ta ba da ɗa. Ba ta saurin ƙosawa, in ka makara kwana ɗaya ba ka tsinka ba za ka same ta da taushinta. Yauƙinta kuwa, Inna takan ce 'yar kaɗan ta ishi tukunya. Ba daga sama ta faɗo haka ba. Baba ya ce lokacin da ya zo da irin daga ƙauyensu a ƙullin zane, gauraye yake, akwai doguwa, akwai gajera, akwai mai ƙaya-ƙaya, akwai wadda sai ganye ba haihuwa. Shi ya yi ta tacewa shekara bayan shekara. Idan ta fara fure sai ya bi fangali a tsugune, yana ƙirga gaɓoɓi da yatsa daga ƙasa zuwa furen farko. Wadda ta yi fure tun a gaɓoɓin ƙasa, gaɓoɓin nata suna kusa da juna, ta fitar da rassa, ganyenta bai yi rawaya ba, sai ya ɗaura mata tsumma. Ita ce uwa. Ba mai taɓa 'ya'yanta, ko an wayi gari babu abin miya a gida, har su bushe a jikinta su fara tsagewa. Wadda kuma ta fito daban, tun kafin ta buɗe fure yake tumɓuke ta, domin ya ce ƙudan zuma ba su san iyakar fangali ba, za su kwashi garin wannan fure su kai wa wancan. Idan irin ya bushe sai a murje shi, a gauraya da toka don ƙwari, a ɗura a kwalba, a toshe da totuwar masara, a rataye a ɗakinsa. Yakan ce, "Ko daga kwalba ɗaya suka fito ba za su zo kai ɗaya ba. In aka yi sakaci shekara biyu, za ta koma yadda na same ta."

Yau iri a gwangwani yake zuwa, ko a 'yar leda mai hoton kuɓewa a jiki, kyakkyawa kamar an goge ta da mai. In ka shuka za ta fito kai ɗaya kamar an yi musu aski rana ɗaya, kuma gaskiya tana bayarwa, ba zan yi mata ƙage ba. Amma ka kuskura ka ajiye iri daga cikinta ka shuka baɗi, sai ka ga kowacce ta kama gabanta, wannan doguwa, wannan gajera, wannan bakarariya, dole ka koma kanti. Na san manoma da yawa a garin nan da suka yi furfura ba su taɓa barin kuɓewa ta bushe a jikin uwarta ba. Aikin da Baba ya yi da gwiwarsa da yatsansa yanzu wasu ne can ke yi a madadin kowa, mai lambu nasa saye da shuka.

Auta yana da ido, wannan ita ce maganar. Tun yana ƙarami zai tsaya a bakin fangali ya nuna wata can tsakiya ya ce, "Baba, waccan ba tamu ba ce," alhali ko ganye huɗu ba ta gama yi ba. Baba ya je ya duba, ya yi dariya, ya tumɓuke ta. Ni in na duba, kuɓewa duk kuɓewa ce, kore ne kawai a gabana. Na fi shi ƙarfi, na fi shi jan jigo, na iya lissafi da karanta takarda, amma ban taɓa yin abin da ya sa Baba irin wannan dariyar ba. Duk bayanin gaɓa da fure da rassa Auta ake yi wa, ni ina gefe da fartanya ina saurare da kunne ɗaya, ina cika ina batsewa.

Shekarar da abin ya faru, gemu ya fara fito mini. Wata rana bayan la'asar Baba ya zauna a gindin mangwaron lambu ya yayyaga tsofaffin zannuwa biyu, ɗaya fari ɗaya baƙi. Kamar kullum, Auta ya duba.

"Auta, bana ba ni zan zaɓi uwaye ba, gwiwata ta gaji da tsuguno. Ka ga ban tumɓuke komai ba, na bar muku ita yadda ta fito. Ga baƙin tsumma naka, ga fari na yayanka. Kowa ya zaɓi goma. Za a ajiye irin kowa daban, baɗi a shuka su gefe da gefe. Wanda nasa ya fi, shi zai riƙe kwalbar gidan nan."

Wallahi ranar ji na yi kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Karon farko ke nan da aka sa ni a ma'auni ɗaya da Auta. Ban yi gaggawa ba, na jira har 'ya'ya suka fito sosai, sannan na bi na zaɓi manya, dogaye masu koren jiki waɗanda suka kere sauran, kowacce da ɗa tsawon tafin hannu. Na ɗaura musu farin tsumma ina jin kaina. Auta kuwa tun furen farko ya gama nasa, yana rarrafe a ƙasa kamar mai neman allura, ya ɗaura wa wasu 'yan gajeru waɗanda ni ko kyauta ba zan karɓa ba. Da Baba ya zo zagaye, sai ya tsaya a kan nawa, ya dube su daga sama har ƙasa, ya wuce. Da ya kai kan na Auta sai fuskarsa ta saki. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Madalla, Auta. Har wannan ta lungun ka gani? Ni kaina da na bar ta." A nan na san na faɗi tun ba a shuka ba.

Iri ya bushe, aka murje, aka ɗura na kowa a kwalbarsa. Kwalaben iri ɗaya ne sak, tsumman da aka ɗaura a wuyan kowacce shi kaɗai ke raba su. Damina ta sauka, kogi ya cika ya shanye fadama kamar yadda ya saba, aka koma gonar tudu. Duk lokacin da na leƙa ɗakin Baba na hango kwalaben nan biyu suna reto, sai in kawar da kai. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da gida ba kowa, Baba da Auta suna gona, Inna ta tafi barka. Na shiga ɗakin, na taka turmi, na kwance tsummokin, na ɗaura fari inda baƙi yake, baƙi inda fari yake. Aikin bai kai tsawon alwala ba. Zan so in ce na yi nadama, sai dai ƙarya zan yi. Watannin da suka biyo baya na fi kowa walwala a gidan, har Inna tana tambaya ko budurwa na yi.

Ga inda wautata take. A tunanina iri kashi biyu ne, mai kyau da mara kyau, kuma bambancin a kwando zai fito, wannan ya cika wancan bai cika ba. Ƙwayoyin duk kamarsu ɗaya, 'yan dunƙule-dunƙule masu launin toka, wa zai gane? Ban taɓa kawo wa raina cewa 'yar ƙwayar nan tana ɗauke da tsawon uwarta, da launin gaɓarta, da ranar da za ta yi fure ba. Na ji Baba yana faɗin haka ya fi a ƙirga, amma bai shige ni ba, don ba da ni yake magana ba.

Da sanyi ya wuce aka gyara fangali biyu gefe da gefe, kowa ya shuka abin da ke cikin kwalbar da ke da tsummansa. Makonnin farko lafiya lau, duk tsiro ɗaya ne. Daga nan sai na Auta suka fara miƙewa sama, kore shar, ganye fala-fala, babu fure babu dalilinsa. Nawa kuwa suka tsaya gajeru, gaɓoɓi ja-ja a jere kusa da juna, fure ya ɓarke tun daga ƙasa. Ina ta murna, ina zagaye su ina fito. Sai wani maƙwabcinmu na lambu, wanda ya ga zaɓen da muka yi bara da idonsa, ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Kai, ikon Allah! Dogaye sun haifi gajeru, gajeru sun haifi dogaye. Wannan lambu naku sai a zo kallo." Ya yi dariya ya koma aikinsa. Ni kuwa na tsaya da fartanya a hannu ina kallon fangalin biyu. Sai a lokacin na ga abin da kowa ya riga ya gani tun kwanaki. Laifina ne a tsaye a fili, jere-jere, kuma ni da kaina nake ba shi ruwa kullum.

Ranar hukunci Baba ya zo da sandarsa, muka bi shi a baya. Ya tsaya a fangalina, ya tsuguna duk da ciwon gwiwar, ya ƙirga gaɓoɓin wata da yatsa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Auta," ya ce, "wannan jar gaɓar na san uwarta. Baƙin tsumma ke wuyanta bara."

Can ina jin kukan jigon maƙwabta. Baba ya ɗago, kuma a karon farko da zan iya tunawa ya dube ni ido cikin ido. Kafin in buɗe baki sai Auta ya riga ni.

"Baba, laifina ne. Ranar da na sauke kwalaben zan ƙara musu toka, tsummokin suka kwance. Ina jin a nan na rikita su."

Baba ya mayar da idonsa kansa. "Haka aka yi?"

"Haka aka yi, Baba."

"To, a riƙa kula." Ya dafa sanda ya miƙe, ya kakkaɓe ƙasa daga gwiwarsa. "Kwalba dai taka ce. Gaya wa yayanka ya dage da karatunsa."

Da Baba ya zane ni a gaban 'yan lambu da ya fi mini sauƙi. Da Auta ya nuna ni ya ce ga ɓarawon nan, da mun yi dambe mun huce. Amma ya fi ni ido, sannan ya zo ya fi ni zuciya, a rana ɗaya, a gaban mutumin da nake neman yabonsa. Da yamma na tare shi a bakin kogi yana wanke ƙafa, na ce masa kada ya sake yin ƙarya don ya rufa mini asiri, ban roƙe shi ba. Ya ɗago ya ce, "To, Yaya." Shi ke nan. Daga ranar har gashinmu ya yi fari, ba mu sake tayar da maganar ba.

Na dage da karatun kuwa, da haushi na yi shi. Na shiga aikin gwamnati a matsayin akawu, na yi ta hawa har na samu ofis mai labule da masinja a ƙofa. Na gina gida a Badarawa, na je Makka, 'ya'yana duk sun yi karatu, yau ina cin fanshona. Auta bai taɓa shiga aji ba, karatun allo kawai ya yi. Bayan rasuwar Baba, da gari ya matso aka fara yanka fadama ana gine-gine, sai ya tattara iyalinsa da kwalbarsa ya koma Rigachikun, ya samu wani gefen rafi ya ci gaba. Ƙafarsa duk faso, babbar rigarsa ta zuwa biki ɗaya ce. In ana taron dangi ni ake shimfiɗa wa darduma, ni ake nuna wa yara a ce su yi koyi. Duk wanda ka tambaya zai ce maka ni ne na ci riba a gidanmu.

Amma bari Hajiya, matata, ta dawo daga Babbar Kasuwa tana murna ta ce, "Alhaji, yau na dace, na samu 'yar Auta," sai in ji abincin ya fita daga raina. Haka masu kayan miya ke kiranta, 'yar Auta, har waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Kuɓewar ubana ce fa, wadda na ja wa jigo har kafaɗata ta lalace. In an yi miyar kuma sai in ci in ƙara, don daɗi ba ta rage komai ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Da na yi ritaya na gyara wani ɗan fili a bayan gidana na shuka tawa kuɓewar, da irin gwangwani, domin na gwammace in mutu da in buɗe baki in roƙi ƙanena iri. Shi kuwa duk shekara sai ya aiko mini da kwando guda na ɗanya da ƙullin busasshiya. Wata rana ya zo gaishe ni, na kai shi wajen kuɓewar tawa da gangan. Ya tsaya ya dube ta, ya gyaɗa kai ya ce, "Ma sha Allah, Yaya, ta yi ganye." Da zuciya ɗaya ya faɗa, na san shi. Na kwana uku ina jin maganar.

A watan jiya ya kira ni a waya, yana ɗaga murya kamar yadda ya saba, shi a ganinsa Rigachikun nesa ce. Ya ce wasu malamai daga jami'a, maza da mata, sun yi kaka guda suna zuwa gonarsa. Suna auna tsawon kuɓewar, suna ƙirga kwanakin da take yi kafin fure, suna ƙirga 'ya'yan kowace uwa, suna ɗora su a sikeli, suna rubutawa. Sun tara ire-iren kuɓewa daga wurare da yawa suna gwada su tare, kuma sun ce tasa ta ba su sha'awa, don tana haihuwa da wuri, ciwon nan mai sa ganye rawaya kuma ba ya kayar da ita kamar sauran. Suna so su haɗa ta da tasu su fitar da sabon iri, su kuma adana wani a ɗakin sanyi don kada ta ɓace. "Sun bar mini takarda wai in dangwala yatsa, jibi za su dawo su karɓa. Ni kuwa na ce ba na dangwala komai sai Yayana ya karanta."

Washegari na kama hanyar Zariya. Na same shi a gona, ya shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ya kawo fura. Ga kuɓewar nan a gabanmu, gajera, jar gaɓa, ɗa a kan ɗa, kamar ba a taɓa tashinta daga bakin kogi ba. Na kawar da kai na sa tabarau na karanta takardar. Babu cuta a ciki, neman izini ne kawai. Sai dai a ƙasa akwai wani layi da aka bari fili, inda za a rubuta sunan manomin da ya tace irin ya kuma adana shi. An yi bayani cewa duk inda irin ya je, da duk abin da aka fitar daga jikinsa, wannan sunan zai bi shi a rubuce. Na fassara masa kalma bayan kalma.

Ya yi ta wasa da ƙasa da ɗan tsinke, sannan ya ce, "Sa sunanka, Yaya."

"Sunana kamar yaya? Ni na noma ta?"

"Kai ne babba, kai ne makwafin Baba. Ni ai riƙo kawai na yi. Kuma sunanka ya fi dacewa da takarda, an san shi a ofis-ofis. Wa ya san wani Auta?"

Ba zan ɓoye ba, na so. Ba wanda zai ce na yi sata, mai abu ne ya ba ni da bakinsa, shi kuma ba ya karanta boko, idonsa ma ya fara hazo. Na ɗora bakin biro a kan layin, na ga sunana a can cikin ɗakin sanyinsu, a jikin kuɓewar Baba, bayan ni da shi duk mun shiga ƙasa. A tare da son kuma sai wani baƙin ciki ya taso mini, domin ga shi dai har yanzu, da fasonsa da rigarsa ɗaya, shi ke yi mini kyauta da abin da na kasa samu da kaina. Na danne takardar a kan gwiwata na rubuta sunansa na yanka, da na Baba a bayansa, da manyan baƙaƙe, ina dannawa har biro ya kusa huda takardar.

"Ka sa?" ya tambaya.

"Na sa."

"Naka?"

"Kai dai kawo yatsanka, Auta, kana ɓata mini lokaci."

Na kama babban yatsansa, kaushi gare shi kamar ɓawon itace, na shafa masa tawada na danna a gefen sunan. Ya ɗaga takardar yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa, fuskarsa ta cika da murmushi, har idonsa ya kawo ruwa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Wallahi, Yaya, shekara da shekaru ina neman hanyar da zan mayar maka da kwalbar Baba, ban samu ba sai yau."

Ya naɗe takardar a hankali ya sa a aljihu, ya rako ni har mota yana ta yi mini godiya. Ban gaya masa cewa sunansa ne a takardar ba, na tayar da mota. Har na shigo Kawo ina goge ido, kuma har na shigo Kawo ban daina jin haushinsa ba.